Ukun Salmanu

A ƙafa Salmanu ya dawo Gardole, ƙwallo a hammata, gumi har cikin safa. Motar 'yan ƙungiyarsu ta tafi ta bar shi a filin Guji, amma yau wa ya damu da mota?

Tun farkon kakar wasa matarsa Fa'iza ta gindaya masa sharaɗi. Shekara da shekaru yana buga wa Gardole baya, ba abin da yake kawo mata sai targaɗe da wanki. Ko dai ya shigo da abin nunawa kafin a rufe gasar unguwanni, ko ya rataye takalmi, Lahadinsa ta koma zaman shagon mahaifinta. Shi kuwa Salmanu, da a raba shi da ƙwallon Lahadi, gara a raba shi da shayi. Yau ne wasan ƙarshe, tsakaninsu da 'yan Guji.

Ya yi sallama, ya dire mata ƙwallon a gaban murhu.

"Maman Habiba, kin san tiriple?"

Fa'iza ta buga ƙwallon kwando a lise, wato sakandare, ba a yi mata burga da turancin fili. "Mu a kwando, jifa ɗaya daga nesa maki uku ne. Ku fa?"

"Mu sai mutum ɗaya ya ci uku a wasa guda. Wanda ya yi, da ƙwallon yake tafiya gida. Al'ada ce."

Ta juya ƙwallon, ta ƙare masa kallo. Salmanu dai akwai cika baki, amma ba ya rantsuwar ƙarya, ta kuma san haka.

"Rantse."

"Wallahi uku na ci. Biyu da ka, ɗaya da dunduniya. Uku da banza aka tashi. Har ɗaga ni aka yi sama ana kiran sunana."

"Mabruk, Baban Habiba!" Ta rangaɗa guɗa, ta zubo masa karkanji, zoɓo mai sanyi, ta ɗora ƙwallon kan kabad kusa da kwanukan aurenta. Ta ce Baba ya nemi wani mai jiran shagon, kalas, magana ta ƙare.

Salmanu ya kurɓi karkanji, daɗi ya cika shi, tsoro na biye. Lahadi dai ta dawo hannunsa. Saura ya samo ƙungiyar da za ta karɓe shi, don dukkan ukun a ragar Gardole ya zuba su, 'yan Guji ne suka ɗaga shi.