Bishiyar Mami Sirri

"Bishiyar roba a falona? Allah ya sawwaƙe!" Mami Sirri ta taɓe wa Nchang, ƙanwar marigayi mijinta, baki. "Ke ki ci gaba da kakkaɓe taki duk Kirsimeti. Tawa ɗanya ce shar, yau na sayo ta a kasuwar Bamenda. Shinshina ki ji!"

Nchang ta matso, ta ɗaga wani reshe. Sai ga wani koɗaɗɗen carbi ɗaure.

"Ni na ɗaura wannan bara, a bishiyar kan kabarin yayana. Ashe sare ta aka yi." Ta murmusa. "Matar yaya, tun da aka binne shi ba ki leƙa shi ba. To, ga shi ya aiko miki har falo."