Huɗu Saura Kwata

"Gobe za a goge tsohuwar editar nan, manhajar da kake rubutu da ita, daga kwamfutarka, Malam," in ji manaja. "Wa ke rubuta yaren kwamfuta na Java da ita yanzu? Sabuwar tana nuna maka kuskure tun kafin ka ƙarasa layi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To mene ne? Taurin kai?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam yana ɗakin ƙarshe na ofishin nan na Nassarawa, daga shi sai baƙin allon kwamfuta, sai wani tebur da ba kowa a kansa. Abokan aiki sun gaji da tambaya. Sun bar shi a kan hannunsa ne ya saba, tunda kowa na maƙale wa abin da ya fara koyo da shi.

Mai tebur ɗin ne ya saita masa editar, wani Kirista ɗan Wusasa da suka fara aiki rana ɗaya. Shekarar da gari ya rikice ya kwashe iyalinsa ya tafi. Har yau lambarsa ba ta shiga.

"Ba ni dalili ɗaya tak," in ji manajan.

Huɗu saura kwata ta cika. Rubutun ya tsaya cak, layi ɗaya da mai tebur ɗin ya saka ya fito a ƙasan allo, kamar kullum:

"Ɗan'uwa, tashi ka yi La'asar. Ina nan, zan kula maka da aikin."

Ya ture kujera, ya ɗauki buta.

"To, sai na dawo," ya ce. Ba da manajan yake ba.