Jar Ƙasar Sabuwa

Talatu ta tsuguna a bayan rumbu tana ɗura jar ƙasa a 'yan buhunan da ta ɗinka. Haka mijinta, Malam Tanimu, ya ce a waya: a yi su ƙanana, a ɗaure bakin tamau.

Shi mahaƙin rijiya ne. Da 'yan bindiga suka hana noma a garinsu Sabuwa, sai ya ɗauki ɗansu Jabiru suka tafi Legas, inda ake nutso a yanko tagulla daga wani tsohon jirgin ruwa da ya nitse kusa da wani tsibiri tun zamanin Turawa. Wanda ya saba da duhun rijiya, in ji shi, teku ba za ta ba shi tsoro ba.

Zancen ƙasar bai dame ta ba. Kowa ya san matafiyi kan jiƙa ƙasar garinsu ya sha, don ruwan baƙon wuri ya karɓe shi. Sai dai wannan sha ya yi yawa, sai ka ce masu ginin ɗaki.

Muryar Jabiru take nema. Rabonta da ita tun kaka. Kullum sai Malam ya ce yaron na tsibiri, can babu sabis. Ta yi fushi, ta yi kuka, har ta kai ba ta jin komai. Ya kuma ce hukuma ta hana taɓa jirgin, wai kayan tarihi ne, ko ƙusa ba a cirewa. To zaman me suke yi?

Ran kasuwa ta kai buhunan wurin Abdulgafar, direban da ke kai masara kudu har Legas. Ɗaya ya kwance, ta durƙusa tana sake ɗaurewa.

"Ɗan nan, in ka isa ka haɗa ni da Jabiru a wayarka," in ji ta. "Ko sallamarshi ce in ji."

Abdulgafar ya tsaya da buhu a hannu. Ya daɗe yana kallon igiyar da take ja.

"Inna, ashe Malam bai faɗa maki ba? Ƙarfe ya rufta wa Jabiru cikin jirgin, an hana yankawa a fiddo gawarshi. Ƙasan nan da kike ɗurawa, Malam ke nutsawa da ita, buhu-buhu, yana rufe shi."