Mai Jifa Daga Daji

Ƙwallon ta sake bi ta saman 'yan bayan Raufu, ta faɗa hannun ɗan gaban Habeeb. Raufu ya kife wayar a kan buhun masara, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Wasan ƙwallon Amurka ne na waya, irin ƙwallon da ake jifa da hannu. Ba kai ke gudu da 'yan wasa ba. Tsari kawai za ka yi musu, in lokacin karawa ya yi na'ura ta buga, ka zauna ka kalli abin da ka shuka. Yayansa Habeeb ne ya fara shi a unguwarsu a Funtuwa, ya koya wa Raufu, ya koya wa amininsa Mudi mai cajin waya a bakin kasuwa. Habeeb gwanin jifa ne. Raufu kuwa bayansa rariya.

Bayan girbi 'yan bindiga suka tare motar su Habeeb a hanyar dawowa daga cin kasuwar Kafur. Mudi ne ya raka shi tasha da safen ranar, shi ne kuma ya kawo labarin da yamma, idanunsa jajur. Mutanen daji sun kira, sun faɗi abin da suke so, amma ba su taɓa bari an ji muryarsa ba. Lambarsa kuwa kullum a kashe.

Mudi ne ya fara lura ƙungiyar Habeeb tana motsi.

"Duba nan," in ji shi. "An canja tsari jiya. Suna ba shi wayar ya rage zafi."

"In ɗaya daga cikinsu ne yake latse-latse fa?"

"Ɗan daji ya san wannan wasan? Gyara bayanka, ka toshe sosai. In aka fasa, to Habeeb ne."

Tun daga nan Raufu ya mai da rumfar Mudi makaranta. Suka sa kowane ɗan baya ya manne wa mutum guda. Ranar karawa aka saki mai gudun barewa ta gefe, ya bar nasa a baya. Suka canja, kowa ya tsare yankinsa. Ƙwallo ta riƙa sauka daidai kan iyakar yankuna biyu, inda kowa ke zaton na ɗan'uwansa ne. Duk ƙofar da suka rufe, sai a shigo ta tagar da ke gefenta.

Duk kashin da ya sha, Raufu sai ya ruga da shi gida kamar albishir.

"Iya, yau ma ya ci ni."

Hajiya Omowunmi ba ta san kan wasan ba, ba ta kuma nemi sani ba. Takan karɓi wayar, ta shafa sunan ɗanta da babban yatsa, ta miƙa masa. Washegari sai a sayar da wani abu na gidan don kuɗin fansa. Injin niƙa ya tafi. Gonar Maska ta bi shi, sai 'yan kunnen aurenta. Mudi ya san direban da ke kai saƙo daji, shi yake ɗauke musu wannan wahalar.

Raufu ya sha rubuta wa Habeeb saƙo ta cikin wasan. Ba amsa. Mudi ya ce ai ba za su bar shi ya yi rubutu ba, wasan ma alfarma ce.

Sai magana ta zo kan sayar da gidan kansa.

Ranar da mai saye zai zo, da hantsi, Raufu da Mudi suka tsayar da shawara a rumfa: a kwashe 'yan baya, kowa ya far wa mai jifa kafin ya ɗaga hannu. Raufu ya koma gida ya tarar da Iya tana ɗaure tukwanenta da tsohon zane. Ya tsaya yana kallonta. A sayar da gida guda a kan gwajin da ko yaushe ake ci cikin sauƙi? Ya zauna a bakin ƙofa, ana dab da karawa, ya rushe tsarin. Ya ja mutum biyu can ƙurya su yi gadin sama, ya bar sauran a yankunansu. Bai gaya wa kowa ba, har Mudi.

Aka fara. Mai jifan Habeeb ya ɗaga ƙwallo mai nisa, ta sauka a hannun mai gadin Raufu. Ya sake, aka sake cafewa. Har aka tashi yana jifa wurin da ya kamata a ce babu kowa. Raufu ya ci wasan da bai taɓa ci ba, amma bai yi murna ba. Habeeb ba ya makancewa haka. Ko zazzaɓi ne? Ko sun taɓa shi?

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya keta 'yan acaɓa da masu baro, ya faɗa rumfar yana haki. Mudi ya zabura, ya ja sallayarsa ya rufe wani abu a gefen benci.

"Na ci, Mudi. Wani abu ya same shi."

"Kwantar da hankalinka, zauna tukuna..."

Raufu bai zauna ba. Ya ciro wayarsa ya rubuta, "Yaya, don Allah ko harafi ɗaya," ya tura.

Ƙarƙashin sallayar wani abu ya girgiza. Raufu ya riga Mudi kai hannu, ya yaye ta, sai ga saƙonsa yana haske a fuskar wayar Habeeb.