Hannun Barira

Doka ta ce hannun ƙarfe na wurin aiki ne, duk wanda aka sallama sai ya mayar. Da masaƙa ta rufe, Barira ta koma cibiyar da ta koya mata sana'a bayan hatsarin mota.

Malam Jibo, wanda ya ɗaura mata hannun shekara shida da suka wuce, ya kasa haɗa ido da ita.

"Malam, a bar mini shi zuwa gobe. Kitson 'yata rabi na yi."

"Ki yi haƙuri, Barira. Wata tana jiran sa."

Ya kwance shi, ya ajiye bisa tebur. Yatsun suka ci gaba da kitsa iska. Barira ta riƙe su da ɗayan hannunta har suka tsaya.