Sunan Malam a Bakin Kande

Tun da gidan rediyon makafi ya fara karatu da muryoyin mamata, Malam Sallau ya roƙi a ba shi ta matarsa Kande. Ranar farko 'yarsa Talatu ta kunna masa.

"Barka da hantsi, Sallau," in ji rediyon. "Ga labaran yau."

Talatu ta kai hannu ga rediyon. Har innarta Kande ta koma ga Allah, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunan mijinta ba.

"Baba, bari in je in ce su gyara."

Tsohon ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Ƙyale su, 'yar nan. Duk zamanmu ina marmarin jin yadda zai fito daga bakinta. Ƙaro mini muryar."