Katangar da Ta Tare Burtali

Kai da kake ƙorafin ofis ya riƙe maka izinin gini, zauna ka ji abin da ya sami wani tela.

Telan nan tsohon mai tsaron gida ne a ƙungiyar ƙwallon garinsu, ciwon gwiwa ne ya zaunar da shi a kan keken ɗinki. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne garinsu ba su da fili mai katanga. Duk wasan da aka ce na gida ne, sai su kwashi jiki su tafi garin maƙwabta su ari fili, ana yi musu dariya ana ce musu 'yan aro. Ya yi ta bin masu hali har aka ba ƙungiyar wani fegi a bayan gari, aka tara bulo da siminti. Saura izini. Ya je hukumar tsara gari, suka ce sai mai awo ya gani. Mai awo ya zo ya ce gefen gabas ya shiga burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu a tsakanin gonaki, don haka sai hakimi ya zaunar da arɗon makiyaya da manoma an san inda za a karkatar da ita. Hakimi kuwa yau ya tafi ta'aziyya, gobe an kira shi birni. Telan, bawan Allah, ya yi ta sintiri har ya gaji. Ran nan, da tsakiyar rani, ya tsaya a fegin ya duba gabas ya duba yamma, ko kashin saniya bai gani ba. Ya ce a ransa, "Wane burtali? Ja mana rai kawai suke yi." Washegari ya kira magina.

A gaskiya katangar ta yi kyau, shi kansa idan ya wuce sai ya shafa ta. Amma da damina ta faɗi, makiyaya suka dawo daga kudu kamar yadda suka saba tun kaka da kakanni. Ita saniya ina ruwanta da izini, hanyarta ta sani. Da ta gaba ta tarar da bulo sai ta ratse, na baya suka bi ta, suka afka gonakin da gero ya kai gwiwa. Gonar farko da suka cinye ta yayan telan ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ƙyar dattawa suka hana a zub da jini. Hukuma ta zo ta shafa wa katangar jan fenti, katafila ta kwantar da ita yana tsaye yana kallo, ransa ya ɓaci ƙwarai. Aka ce ya koma ya faro daga farko. To, arɗon da manoman da a da za su zauna a gama magana cikin ruwan sanyi, yanzu ko sunan filin ba sa so su ji, yayansa ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Samarin ƙungiyar suna nan suna hawa mota zuwa filin aro. Shi ne dai ya daina bin su, don ba zai iya haɗa ido da su ba.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, hanyar lafiya, a bi ta da shekara.